Keke Mai Naɗewa da Batir Mai Cirewa: Taimakon da Bai Kamata Ya Zama Kaya Ba

A manyan tashoshin jirgin ƙasa na Landan, irin su Waterloo da Paddington, kowace safiya za ka ga ma'aikata suna saukowa riƙe da wani dunƙulen ƙarfe da bai wuce girman akwatin tafiya ba. Da sun fito bakin titi sai su warware shi, kafin ka ƙifta ido ya zama keke, su haye su nufi ofis. Wannan shi ne keke mai naɗewa. Mafi shahara a cikinsu, wato Brompton, wani injiniya ɗan Ingila mai suna Andrew Ritchie ne ya zana shi a 1975, sannan a 1982 David Hon ya kafa kamfanin Dahon a Amurka. Matsalar da suka so magancewa ɗaya ce: tazarar da ke tsakanin gida da tasha, da tsakanin tasha da wurin aiki, wadda ta yi wa ƙafa nisa amma ba ta kai a tayar da mota ba. Sai dai keke keke ne. Hawan tudu da iska mai ƙarfi da gumi da ciwon gwiwa duk suna nan, shi ya sa mutane da yawa suke neman a ɗaura wa kekensu ɗan injin lantarki da batir. Ra'ayina shi ne wannan ƙari yana da amfani ƙwarai, amma da sharaɗi guda: ya kasance mara nauyi, mai cirewa, wanda ba zai hana keken naɗewa ba. In aka saɓa wannan sharaɗi, to an yi garin neman gira an rasa ido.

Dalilin farko nauyi ne. Keken gida na yau da kullum ba a ɗaukarsa, tura shi ake yi a jingine a bango. Keke mai naɗewa kuwa rabin rayuwarsa a hannu yake: a hau da shi bene, a sa shi a bayan mota, a tura shi ƙarƙashin tebur. Brompton na ƙarfe yana kai kimanin kilo 12, wanda ya kusa iyakar abin da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya ba tare da ya jigata ba. Injin da ake sa wa a cibiyar taya yakan kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, batir kuma daga kilo ɗaya zuwa uku, gwargwadon girmansa. In duka a manne suke da jikin keken, sai kayan su iya haura kilo 16 a hannu guda, kuma daga nan mai keken zai fara jin kasalar ɗaukarsa. Kamfanin Brompton kansa ya gane haka. Da ya gabatar da nasa keken mai lantarki a 2017, wanda ya ƙera tare da sashen injiniyoyi na kamfanin Williams na tseren motoci, bai ɓoye batirin a cikin ƙarfen keken ba. A cikin wata 'yar jaka ya sa shi, ana maƙala ta a gaba, a cire ta da hannu ɗaya a rataya a kafaɗa. Nauyin bai ragu ba, amma an raba shi gida biyu, kuma duk wanda ya taɓa ɗebo ruwa ya san bokiti biyu madaidaita a hannu biyu sun fi babba ɗaya sauƙin ɗauka.

Hanyoyin ƙara wa keke lantarki uku ne, kuma wannan ma'auni na nauyi da naɗewa shi ke bambance su. Ta farko ita ce a sauya tayar gaba da wata mai inji a cibiyarta, batir kuma a maƙala shi a kan keken ko a gaban firam. Kamfanoni irin su Swytch da Cytronex na Ingila a kan wannan tsari suke. Ba ya taɓa sarƙa ko giya, kuma in an ajiye tsohuwar tayar, cikin ɗan lokaci za a iya mayar da keken yadda yake. Ta biyu ita ce ɗan inji mai gargare da ke goga tayar yana juya ta. Dabara ce tsohuwa, don ita Faransawa suka yi amfani da ita a VéloSoleX mai aiki da fetur tun 1946, daga baya kuma kamfanoni irin su Rubbee da add-e suka yi ta da lantarki. Ita ce mafi sauƙin cirewa, amma tana cin taya, tana ƙara, kuma in hanya ta jiƙe ko ta yi ƙura gargaren yakan zame. Ta uku ita ce injin tsakiya, wanda ake ɗaurawa a gindin feda ya riƙa jan sarƙa, irin wanda kamfanin Bafang na ƙasar Sin ya yi suna da shi. Ya fi kowanne ƙarfin hawan tudu saboda yana amfani da giyar keken, sai dai yana kusan kilo huɗu, ba ya ciruwa sai da kayan aiki na musamman, kuma a kekuna da yawa yana zama daidai inda tayar baya take shigewa lokacin naɗewa. Saboda haka ga yawancin masu keke mai naɗewa, injin tayar gaba da batir mai cirewa shi ne zaɓin da ya fi dacewa.

Ƙananan tayoyi suna da nasu sharuɗɗan, kuma nan ne masu saye cikin gaggawa suke asarar kuɗi. Tayar yawancin Brompton inci 16 ce, yawancin Dahon kuma inci 20, alhali babban keke yana da inci 26 zuwa 28. Babbar taya a juyi ɗaya tana cin kusan mita biyu da ɗan kai, ƙarama mai inci 16 kuwa mita ɗaya da kashi ɗaya cikin uku. Ke nan don a yi gudun kilomita 25 a awa, babbar tana juyawa kusan sau 200 a minti, ƙaramar kuwa sai ta haura sau 300. In aka ɗauko injin da aka yi wa babbar taya aka ɗaure shi a ƙarama, zai yi ƙarfin ja, amma da an kai gudun kilomita 16 ko 17 taimakonsa ya ƙare. Ga kuma faɗi: bakin fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, na yawancin kekuna milimita 100 ne, na Brompton da kekuna masu naɗewa da dama kuwa 74 kacal, don haka injin gama-gari ba zai shiga ba, kuma buɗa fok da ƙarfin tsiya raunana shi ne. Abu na uku, duk lokacin da inji ya juya taya gaba, sandar cibiyarsa tana murɗa bakin fok ta baya. Shi ya sa ake sa wani ɗan ƙarfe mai riƙe sandar, kuma shi ya sa inji mai ƙarfin da ya wuce kima hatsari ne a kan siririn fok. Ita ma waya sai an bi da ita ta inda gaɓar keken ba za ta matse ta ba, an kuma bar mata sararin lanƙwasawa, domin keken da ake naɗewa sau huɗu a rana zai tsinke wayar da aka ja ta tsam cikin 'yan watanni.

Wajen girman batir ma lissafi yana goyon bayan tsakaitawa. Mutum mai matsakaicin ƙarfi da ke tuƙa keke a natse yana fitar da kimanin wat 100. A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta ce keken lantarki kada injinsa ya wuce wat 250, ya taimaka ne kawai lokacin da ake taka feda, ya kuma daina da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Wanda ya wuce haka babur ne a idon hukuma, yana bukatar lamba da lasisi da inshora. A Amurka an fi sassauci, har wat 750. To ko wat 250 ɗin ya ninka ƙarfin mahayin fiye da sau biyu, ya ishe shi hawan tudun cikin gari. Ana sanin abin da batir ke ɗauka ta hanyar ninka ƙarfin wutarsa da yawan cajinsa: mai bolt 36 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da kimanin wat-awa 250. Mahayin da ke takawa tare da injin yakan ci wat-awa biyar zuwa goma a kowace kilomita, ke nan wannan batir zai kai shi kilomita 25 zuwa 50. Wanda tafiyarsa ta yini ba ta wuce kilomita goma ba, me zai yi da batirin da ya ninka wannan? Kullum zai riƙa ɗaukar nauyin da ba ya amfani da shi. Daidai ruwa daidai tsaki. Ƙaramin batir yana da wata fa'ida ga matafiya: ƙa'idar jiragen sama ta yarda fasinja ya shiga da batirin litiyam da bai wuce wat-awa 100 ba a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, abin da ya haura haka kuwa an hana.

Wani zai ce, maimakon wannan ɗaure-ɗaure me zai hana a sayi keken lantarki da aka ƙera da injinsa tun daga masana'anta? Maganar tana da ƙarfi. Wanda aka haɗa a masana'anta an gwada birkinsa da fok ɗinsa da nauyin injin, wayoyinsa a ɓoye suke, kuma kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar alhakin lalacewar keken da aka ɗaura wa kayan wani. Wanda ba shi da keke tukuna, yana kuma da hali, wannan hanya ta fi masa kwanciyar hankali. Amma akwai abin da ake mantawa: ƙarfe da batir ba sa tsufa tare. Firam mai kyau yana iya yin shekara ashirin ko talatin, batirin litiyam kuwa bayan caji ɗari biyar ko fiye kaɗan yakan fara rauni. Keken da batirinsa ke binne a cikin firam, in kamfanin ya daina yin irinsa, ya zama ƙarfe mai nauyi a lungu. Wanda aka yi wa ƙari kuwa, ranar da kayan lantarkin suka mutu sai a cire su, a mayar da tsohuwar taya, kowane mai gyaran keke a bakin hanya zai iya ci gaba da kula da shi. Gaskiya ne a tsarin tayar gaba injin yana nan ko an cire batir, saboda haka cirewar rabi ce. Sai dai abin da ya rage bai wuce kilo biyu da rabi ba, kuma injin mai giya a ciki yana sakin taya ta gangara da kanta in ba wuta.

Suka mafi nauyi ita ce ta gobara, kuma bai kamata a raina ta ba. A 2023 hukumar kashe gobara ta Landan ta ƙirga gobara 143 daga kekunan lantarki. A wannan shekarar a birnin New York batiran litiyam, galibi na kekuna da ƙananan babura, sun haddasa gobara 268 da mutuwar mutum 18. Jami'an kashe gobara sun sha nuna yatsa ga kayan haɗi masu araha da ake saye ta intanet, da batiran da aka yi wa kwaskwarima, da caja da ba ta dace da batirin ba. Daga ƙarshen Maris 2025 hukumar sufurin Landan ta hana shiga da kekunan lantarki marasa naɗewa a yawancin jiragenta, ta bar masu naɗewa. Darasin da ke nan shi ne araha ba ta ado. Batir da caja su fito daga kamfani ɗaya da aka sani, mai shaidar gwaji. Kada a yi caji mutane suna barci, kada a yi shi a bakin ƙofar fita, kuma batirin da ya kumbura ko ya faɗi ya lotsa a daina amfani da shi nan take. A nan ma cirewa ce ke taimakawa, domin batirin da ke fita daga keke ana iya duba jikinsa kullum, a yi cajinsa a kan siminti a gaban ido, a ajiye shi nesa da zafi.

Akwai kuma masu cewa lantarki lalaci ne, yana kashe amfanin motsa jiki. Wannan zai yi daidai da a ce zaɓin yana tsakanin keke mai inji da keke mara inji ne kawai. Ga dattijo mai ciwon gwiwa, ko ma'aikacin da ba zai iya shiga ofis jiƙe da gumi ba, zaɓin na gaskiya tsakanin keke mai taimako ne da zama a mota. Tun da injin ba ya ja sai an taka feda, ƙafa tana aiki, tudu da iska kawai aka rage mata. Ranar da mutum ya so ya motsa jini sosai, sai ya bar batirin a gida.

Ga mu nan ƙasar Hausa, inda keke ya daɗe da zama abokin malami da manomi da ɗan kasuwa, kuma tsadar fetur tun cire tallafi a Najeriya a 2023 ta sa mutane sake waiwayarsa, dabarar batir mai cirewa tana da ma'ana ta musamman. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, batirin da ake sa wa a jaka a kai shi inda akwai sola ya fi wanda sai an tura keke dungurungum. Inda zafin bazara yake haura digiri 40, iya shigar da batir inuwa yana ƙara masa kwana, domin zafi ne babban maƙiyin litiyam. Amma a faɗi gaskiya, ƙaramar taya ba ta son yashi da ramuka, injin gargare kuma ba ya shiri da ƙura. A unguwar da hanya rairayi ce, babban keke da aka sa wa injin cibiyar taya ya fi dacewa.

Saboda haka kafin a biya kuɗi, da kuma bayan an ɗaura, gwaji uku sun isa. A naɗe keken a ga ko ya naɗe kamar da, ba tare da wata waya ta matsu ba. A cire batir a ɗauki keken a hau da shi bene ɗaya. Sannan a tuƙa shi ba wuta na 'yan kilomita, kamar ranar da caji zai ƙare a tsakiyar hanya, domin wannan rana tana zuwa. In ya ci duka ukun, mai shi ya sami ƙarin ƙarfi bai rasa komai ba. In ya faɗi ko ɗaya, to kayan ba na wannan keken ba ne, a mayar wa mai sayarwa.