Ranakun Waliyyan Kiristoci

Kowace al'umma tana da mutanen da ba ta so a manta da su. Waɗansu a kan tuna da su saboda jaruntaka, waɗansu saboda ilmi, waɗansu kuwa saboda tsoron Allah. Kiristoci ma suna da nasu. Mutumin da ya yi zamansa na duniya da gaskiya da riƙon addini, har ya mutu a kan haka, shi su ke kira waliyyi. Kowane waliyyi da ranarsa a cikin shekara. In ranar ta zagayo, sai a taru a coci a karanta labarinsa, a yi addu'a, a gode wa Allah.

Ba dukan Kiristoci ne ke kiyaye ranakun nan ba. Waɗanda suka fi riƙo da su su ne 'yan Katolika, da 'yan Angalika, da Kiristocin Girka da Rasha da Masar da Habasha. Waɗansu ɗarikoki kuwa ba su ware wa kowa rana, sai dai su karanta labarin mutanen kirki na dā domin su yi koyi da su.

Galibi ba ranar da aka haifi waliyyi a ke tunawa ba, ranar da ya mutu ce. Ga dalili. A zamanin dā, sarakunan Rum sun tsananta wa Kiristoci ƙwarai, suka kashe da yawa daga cikinsu. Wanda aka kashe saboda addininsa shi a ke kira shahidi. Wajen shekara ta 155 aka kama wani tsoho, sunansa Polikaf, shugaban Kiristocin birnin Simirna, wanda yanzu a ke kira Izmir, a ƙasar Turkiyya. Aka ce ya bar addininsa, ya ƙi, aka kashe shi. Mutanensa suka tattara ƙasusuwansa suka binne, suka yi niyyar su riƙa taruwa a wurin kowace shekara a ranar da ya mutu. A wurinsu, ranar nan ita ce ranar haihuwarsa ta biyu, watau ranar da ya shiga rai madawwami. Daga irin wannan taro al'adar ta yaɗu.

A ranar waliyyi, fada ya kan sa jar riga in waliyyin shahidi ne, domin ja launin jini ne. In ba shahidi ba ne, sai ya sa fara. Cocin da aka sa wa sunan waliyyin shi ya fi yin shagali. Mutane su kan yi jerin gwano suna waƙa, suna ɗauke da hotonsa, sa'an nan a ci abinci tare, a ba matalauta sadaka. A Girka da Folan, yaron da ya ci sunan wani waliyyi ya kan sami gaisuwa da kyauta a ranar mai sunansa.

Ran 29 ga Yuni a ke tunawa da manzanni Bitrus da Bulus. Ran 26 ga Disamba, kashegarin Kirsimeti, ita ce ranar Istifanus, wanda aka jejjefe da duwatsu, shi ne shahidi na farko a cikin Kiristoci. Ran 17 ga Maris ta Waliyyi Fatirik ce, wanda aka kai shi ƙasar Ailan yana yaro a cikin bauta, ya yi shekara shida yana kiwo, ya gudu, daga baya ya koma ya yi wa mutanen ƙasar wa'azi. Da ya ke waliyyai sun fi kwanakin shekara yawa, aka ware 1 ga Nuwamba domin a tuna da su duka, da waɗanda aka san sunansu da waɗanda ba a sani ba.

A Afirka, ɗaya daga cikin ranakun da suka fi tara jama'a ita ce 3 ga Yuni, ranar Shahidan Uganda. Ga labarinsu.

A ƙasar Uganda akwai wata tsohuwar masarauta, sunanta Buganda, sarkinta kuwa Kabaka a ke ce masa. Masu wa'azin Angalika suka isa can a 1877, na Katolika a 1879. Samari da yawa daga cikin barorin fada suka koyi karatu a wurinsu, suka karɓi addininsu. A 1884 wani saurayi, Mwanga, ya hau gadon sarauta. Da ya ga yaran fadarsa sun fara ƙin bin umurninsa in ya saɓa wa addininsu, sai tsoro da fushi suka kama shi. A ganinsa, baƙi na neman su ƙwace masa mutane, sa'an nan su ƙwace ƙasar.

A watan Oktoba na 1885 aka kashe wani bishop na Angalika, James Hannington, bisa umurnin sarki. Shugaban barorin fada, Joseph Mukasa, ya faɗa wa sarki ido da ido cewa bai kyauta ba. Ran 15 ga Nuwamba aka sare masa kai. Sai kulawa da yaran ta koma hannun wani saurayi, Charles Lwanga, wanda bai wuce shekara ashirin da shida ba. Lwanga ya ci gaba da koya musu addini, yana kuma tsare su daga aikin alfasha da sarki ke kiransu su yi.

A ƙarshen watan Mayu na 1886 fushin sarki ya kai matuƙa. Lwanga ya gane abin da ke tafe, sai ya yi wa waɗansu yara baftisma da dare a ɓoye. A cikinsu akwai Kizito, ɗan shekara goma sha huɗu. Da gari ya waye, sarki ya tara barorinsa, ya ce masu addu'a su ware gefe guda. Lwanga ya fita, Kizito ya bi shi, saura suka biyo baya. Aka tambaye su ko za su bar addininsu, suka ce a'a. Aka ɗaure su, aka kora su da ƙafa zuwa wani wuri da a ke kira Namugongo. Suka yi kamar mako guda a ɗaure, ana tara itace.

A cikinsu akwai wani yaro, Mbaga Tuzinde, wanda ya taso a gidan shugaban hauni. Mutumin nan ya yi ta roƙonsa ya janye maganarsa a ɓoye shi, yaron ya ƙi. Ran 3 ga Yuni, 1886, aka nannaɗe su a cikin asabari, aka ƙone su. Waɗanda suka gani da idonsu sun ba da labari cewa suna addu'a har muryarsu ta ɗauke. Daga 1885 zuwa 1887, shahidan da aka rubuta sunayensu su 45 ne, 22 'yan Katolika, 23 'yan Angalika.

Sarki ya yi zaton ya kashe maganar ke nan, ashe iri ya shuka. Ran 18 ga Oktoba, 1964, Fafaroma Paul na Shida ya sa 'yan Katolikan nan 22 a cikin waliyyai, ya kuma ambaci 'yan Angalikan da girmamawa. A 1969 ya zo Namugongo da kansa. Aka gina babban coci a wurin da aka ƙone Lwanga, aka buɗe shi a 1975. Siffarsa kamar ta bukkar Afirka ce, yana tsaye a kan ginshiƙai 22, kowane shahidi da nasa. 'Yan Angalika ma suna da nasu wurin ibada kusa da nan.

Yanzu 3 ga Yuni ranar hutu ce a Uganda. Tun da sauran kwana tara a ke fara addu'o'i na musamman. Masu ziyara su kan taso daga kowace kusurwa ta ƙasar, da Kenya, da Tanzaniya, da Ruwanda, da Kwango, har da Nijeriya. Da yawa da ƙafa su ke zuwa, tsofaffi da yara, suna tafe suna waƙa. Waɗansu su kan yi mako biyu a hanya, suna kwana a coci-coci da makarantu, mutanen gari suna ba su ruwa da abinci. Su kan ce wahalar tafiyar tana tuna musu da tafiyar da samarin nan suka yi a ɗaure. A ranar, a kan yi babbar sujada a bakin wani tafki da ke harabar cocin, da kiɗa da waƙa cikin harsuna iri iri. In za su koma gida, su kan ɗebi ruwan tafkin a jarka su kai wa waɗanda ba su sami zuwa ba.

Nijeriya ma tana da wanda 'yan Katolika ke tunawa da shi, Fada Cyprian Tansi, mutumin Aguleri, wanda ya rasu a Ingila ran 20 ga Janairu, 1964. A 1998 Fafaroma John Paul na Biyu ya zo Nijeriya ya ba shi matsayin Mai Albarka, watau matakin da ke gab da na waliyyi. Ranarsa ita ce 20 ga Janairu.

Amfanin ranakun nan shi ne kada labarin mutanen kirki ya ɓace, gama abin da ba a maimaitawa mantawa a ke yi. Mwanga ya rasa sarautarsa, ya mutu a 1903 a tsibiran Seshel, nesa da ƙasarsa. Yaran da ya ƙone kuwa, har yau ana sa wa makarantu da asibitoci sunayensu, iyaye kuma a ƙasashe da yawa suna raɗa wa 'ya'yansu suna Kizito.

Tambayoyi

1. Wa a ke kira shahidi?
2. Don me a ke tunawa da ranar mutuwar waliyyi, ba ranar haihuwarsa ba?
3. Yaushe fada ya kan sa jar riga?
4. Me ya sa Sarki Mwanga ya yi fushi da barorinsa?
5. Don me masu ziyara ke zuwa Namugongo da ƙafa?