Zinare na cikin dutse, amma wa zai fitar da shi?

Idan kai ɗan Tambuwal ne ko Kebbe, da wuya a ce ba ka san wani da ya tafi haƙar zinare ba. A TikTok kuwa kullum sai ka ci karo da saurayi riƙe da ɗan ƙwayar zinare a tafin hannu yana murmushi. Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne yadda aka raba wannan ƙwayar da dutsen da ta fito ciki. Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, ana kiran mai yin ta injiniyan tace ma'adinai.

Shi ba ya shiga rami. Aikinsa na farawa ne bayan an fito da dutse. Zai ɗebi samfuri ya kai ɗakin gwaji, ya gano nawa ne zinaren da ke cikin kowane tan, da kuma abin da ya cakuɗu da shi. Daga nan sai ya tsara laushin niƙa, da hanyar wankewa, da sinadarin da ya dace. A kamfani yini yake tsakanin ƙarar injina da kwamfuta, wani lokaci har aikin dare, nesa da gida.

Kada ka ɗauka wannan gwajin iyayi ne na 'yan boko. Ka tuna 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, an riƙa kai dutsen zinare cikin gidaje ana dakawa, ana niƙawa a bushe. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi hannun yara zuwa baki. Yara fiye da 400 suka rasu. A 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gwaji ɗaya zai nuna dalmar nan, niƙa da ruwa kuma na kwantar da ƙurar. Kuma fa Bukkuyum ba nisa gare ta da mu ba, ka wuce Gummi ka iso.

Ga kuma zaiba, wato makuri, da ake kama zinare da ita sannan a ƙona. Hayaƙinta na lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Abin haushin ma, ba ta kama duka zinaren, wani na zurarewa cikin laka. An sha guba, an kuma bar kuɗi a ƙasa.

Ni ban yarda da masu cewa wannan ilimi baƙo ne ba. Maƙeran da suka narka tama suka fitar da ƙarfen garma da gatari, me suke yi in ba shi ba?

To, ta ina ake shiga? Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen wannan fanni, karatun shekara 5 ne. A JAMB kana buƙatar Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri. Ke ma 'yar'uwa, ƙofar a buɗe take.

Batun aiki kam, ba zan yaudare ka ba. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta da aka soma tun 1979 har yau bai tashi ba. Amma mahaƙar zinare ta Segilola a Jihar Osun ta fara fitar da zinare a 2021, Ghana da Mali kuma sun daɗe da manyan mahaƙai. A nan kusa, gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disambar 2024, bayan shekara biyar.