Zaman Jama'a Ba Sarki Ba Hukuma: Misalin Tsibirin Aislan, 930–1262

Bahaushe ya saba da ganin sarauta cikin kowane sha'ani. Kasuwa da sarkinta, mahauta da Sarkin Pawa, maƙera da Sarkin Maƙera, har makafi ma da nasu sarki. Saboda haka in aka ce masa akwai masana da ke cewa jama'a na iya zama lafiya ba sarki, ba gwamnati, ba haraji, ba ɗan sanda, sai ya ɗauka zancen wasa ne. Amma magana ce da aka daɗe ana jayayya a kanta a Turai da Amurka, ya kuwa kamata malami ya san hujjar masu ita kafin ya karɓa ko ya ƙi.

Asalin Maganar

A shekarar 1849 wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Beljiyam, mai suna Gustave de Molinari, ya rubuta cewa tsaron rai da dukiya abin bukata ne kamar sauran abubuwan da a ke saye da sayarwa, don haka bai ga dalilin da zai sa a bar shi hannun mai sayarwa guda ɗaya ba, watau gwamnati. A 1973 waɗansu Amurkawa biyu, Murray Rothbard da David Friedman, kowannensu ya fid da littafi yana faɗaɗa wannan ra'ayi.

Ga yadda su ke tsammanin abin zai gudana. Kowane magidanci zai zaɓi kamfanin da zai tsare shi, ya riƙa biyansa lada, in bai gamsu ba ya koma wani. In rigima ta haɗa mutum biyu da ke ƙarƙashin kamfanoni dabam dabam, kamfanonin ba za su yi faɗa ba, domin faɗa hasara ce ga ɗan kasuwa. Tun da wuri za su yarda da wani mai sulhu da za su riƙa kai wa ƙara. Shi kuwa mai sulhun abincinsa na rataye da sunansa: ran da aka san yana cin hanci, ran nan ciniki ya guje shi.

To, wannan duk lissafi ne a takarda. Abin tambaya shi ne, an taɓa yin irinsa a duniya? Misalin da Friedman ya kawo a 1979 shi ne tsibirin Aislan, can arewacin tekun Atlantika.

Tsarin Aislan

Mutane sun fara zama a tsibirin wajen shekarar 870, yawancinsu daga Norwe, tare da bayin da suka kamo daga Ailan da Sikotlan. Ba su naɗa sarki ba. A 930 suka kafa babban taro mai suna Althing, wanda ke zama mako biyu kowace shekara cikin watan Yuni. A can a ke yin doka, a can kuma a ke yanke manyan shari'u. Ma'aikaci guda ɗaya tak ƙasar ta ke da shi, watau mai faɗin doka. Akan zaɓe shi na shekara uku, kowace shekara ya karanto sulusin dokokin ƙasa da ka a gaban jama'a, domin ba a fara rubuta su ba sai a 1117. Ba shi da dogari ko ɗaya, ba shi da kurkuku, ba shi da baitulmali.

Ginshiƙin tsarin su ne waɗansu manya da a ke kira godar, mu ce iyayen gida. Da farko su 36 ne, daga baya suka zama 39. Kada mai karatu ya ɗauke su kamar hakimai. Hakimi ƙasa ya ke riƙe da ita, duk wanda ke zaune cikinta talakansa ne, ko ya so ko ya ƙi. Ubangidan Aislan kuwa mutane ya ke riƙe da su, ba ƙasa ba. Dole ne kowane manomi ya bi wani ubangida, amma yana da ikon ya bar wannan ya koma wancan cikin yankinsa. Muƙamin kansa dukiya ne, ana gadonsa, ana sayar da shi, ana ba da shi kyauta. Ubangidan da ya cika zalunci ko rowa sai ya wayi gari mabiyansa sun watse.

Iyayen gidan nan su ke zaɓen waɗanda za su zauna shari'a. In aka yanke hukunci, aiwatar da shi na wuyan wanda ya ci shari'ar. Yawancin laifuffuka, har da kisan kai, da diyya a ke kashe su, a biya da azurfa, ko shanu, ko ƙyallen ulu da a ke aunawa da kamu. In mai laifi ya ƙi biya, sai a kore shi daga ƙasa shekara uku. In abin ya yi tsanani sai a zare masa rigar doka ɗungum: ba mai ba shi abinci ko masauki, wanda ya kashe shi kuwa ba shi da laifi. Talakan da ba shi da ƙarfin neman hakkinsa yana iya miƙa ƙararsa ga wani mai ƙarfi, ya bi masa, su raba abin da aka samu.

Sha'anin taimakon juna ma ba su bar shi ba. Manoma ashirin ko fiye su kan haɗu su zama ƙungiya guda, wadda ke kula da matalauta. In gobara ta cinye gidan wani, ko annoba ta faɗa wa shanunsa, sauran su tara su biya shi rabin hasararsa. Rabi kurum a ke biya, domin kada mutum ya yi sakaci da kayansa.

Abin Da Ya Riƙe Shi

In mun duba da kyau, abin da ya tsaya a matsayin ɗan sanda cikin wannan tsari shi ne mutunci da tsoron a juya wa mutum baya. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga fataken Hausa. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya bayyana yadda a ke sayar wa mahauta Yarabawa shanun Arewa bashi, ba takarda, ba a kuma dogara ga kotu. Mai gida, wanda ke sauke baƙon falke, shi ke tsaya masa. In mahauci ya ƙi biya, mai gida ya biya daga aljihunsa, domin in bai yi haka ba labari zai kai Arewa, baƙi su daina sauka gidansa. Mahaucin kuwa ba mai sake ba shi saniya. Amma fa a lura, Sabo na da sarkinta, tana kuma cikin ƙasa mai hukuma. Abin da ta nuna shi ne ciniki na iya tafiya bisa amana inda kowa ya san kowa. Aislan ma haka ta ke, gama da aka ƙidaya manoma masu hali wajen shekarar 1100, ba su wuce kimanin 4,500 ba. Ga kuma teku ta kewaye su, ba maƙwabcin da zai kawo musu hari.

Yadda Ya Rushe

Aislan ta karɓi addinin Kirista wajen shekarar 1000, sa'an nan wajen 1097 aka sa ushirin coci. Wani kaso na kuɗin yana shiga hannun wanda ya mallaki gonar da cocin ke ciki, galibi kuwa manyan nan ne. Wannan kuɗi ya bambanta da wanda suka saba samu, domin mai biya ba shi da ikon ya ce ba zai ba wannan ba sai wancan. Da dukiya ta taru, sai masu ita suka shiga tara muƙaman iyayen gida, ta saye, ta aure, ta ƙarfi. Kafin farkon ƙarni na 13 gidaje biyar ko shida sun mallake kusan duka. Manomi na nan da ikonsa na canja ubangida a cikin doka, amma in duk muƙaman yankinsa na hannun mutum guda, ina zai koma? Iyayen gida sun zama hakimai ke nan.

Daga nan sai yaƙe-yaƙe, tun daga wajen 1220. A cikinsu aka kashe mashahurin marubucin nan Snorri Sturluson a 1241, shi ma ubangida ne, ya kuma taɓa riƙe muƙamin mai faɗin doka. Sarkin Norwe, Haakon na Huɗu, ya yi ta jawo manyan wajensa ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin 1262 da 1264 mutanen tsibirin suka yi masa mubaya'a, suka yarda su biya haraji, shi kuwa ya tabbatar musu da zaman lafiya.

Abin Da Za A Koya

Masu wannan ra'ayi suna da gaskiya wuri guda. Tsarin ya yi shekara fiye da 300, wanda ya ce ba ya yiwuwa sam, tarihi ya ƙaryata shi. Amma misalin bai ba su duk abin da su ke nema ba. Aislan ba ta da mai zartarwa, amma doka guda ɗaya ta ke da ita, da majalisa guda, watau ba a bar doka ga kasuwa ba. Har ila yau, 'yancin nan na manoma masu gona ne. Bawa ba shi da shi, mata ba su zama cikin masu shari'a, mai ƙara kuwa gwargwadon yawan magoya bayansa, gwargwadon yadda hakkinsa ke fita.

Babban abin lura shi ne, tsarin ya tsaya ne muddin iyayen gida na da yawa, ƙarfinsu kuma ya yi kusa da juna. Ba a kuwa tanadi abin da zai hana ɗaya ya haɗiye sauran ba. Wannan ita ce tambayar da ke jiran masu zancen kamfanonin tsaro: ran da kamfani guda ya fi sauran makamai, me zai hana shi daina neman ciniki ya fara karɓar haraji? Ya kamata malamin da ke koyar da tarihin mulki ya aza wa almajiransa ita, tare da 'yar'uwarta, watau me ke hana hukumar da ta riga ta kafu cin zalin waɗanda ba su da ikon barin ta.