Aikin da Ake Yi Bayan Ka Dangwala Yatsa

Wanda ya je yin rajistar lambar ɗan ƙasa, wato NIN, ɗan guntun aikin kawai yake gani. A ɗauki hotonsa, ya dangwala yatsunsa goma, a rubuta suna da ranar haihuwa, a miƙa masa takarda a ce ya dawo. Babban aikin sai bayan ya fita ake soma shi, a cikin manyan kwamfutocin Hukumar NIMC, wadda aka kafa da doka a 2007, kuma ba wanda ke zaune yana danna maɓalli. Manhaja ce ke yi ita kaɗai, bisa umarnin da injiniyoyi suka tsara mata tun farko.

Me ya hana a ba mutum lambarsa nan take? Lissafi ne. Kafin a fitar da lamba mai alƙaluma 11, dole a tabbatar mai wannan yatsa bai taɓa yin rajista da wani suna ba. Hakan na nufin gwada shi da duk wanda ke cikin rumbun bayanai, kuma tun 2023 masu NIN suka haura miliyan 100. A ɗauka mutum 100,000 suka yi rajista a yini ɗaya: gwajin zai kai tiriliyan 10 idan aka bi kowa da kowa. Akwai dabarun rage wannan nauyi, amma duk da haka ba aiki ba ne da za a yi mutum na tsaye gaban tebur. Indiya, mai tsarin Aadhaar da ya fara ba da lamba a 2010 kuma ya haɗa mutum sama da biliyan 1.3, ita ma sai ta ce wa mai rajista ya jira, wani lokaci har watanni.

Saboda haka ake raba aiki biyu. Na gaba shi ne karɓar bayani da adana shi, wanda ake so ya ƙare cikin mintuna. Na bayan fage kuwa sai a jera shi a layi. Kamar wurin injin niƙa ne: yaro ya ajiye kwanonsa ya tafi wasa, mai injin ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Masu ɗaukar aiki daga layin wasu ƙananan manhajoji ne, kuma injiniya ne ke yanke ko su goma ne ko ɗari biyu.

Wannan adadi ba a zaɓarsa da ka. Idan sun yi kaɗan, layi ya yi ta tsawo. Idan sun yi yawa, duk su taru a kan rumbu ɗaya su shaƙe shi, har jami'in banki da ke son tantance lambar abokin hulɗa ya ga allo ya tsaya cik, ya ɗago kai ya ce “sabis babu”. Shi ya sa ake tura ayyuka masu nauyi, irin su kwafe rumbu don ajiya da daidaita bayanai da wasu hukumomi, zuwa tsakar dare, sannan a ware layi daban ga abin gaggawa. Layi ɗaya tak ga komai ganganci ne, musamman a ƙasar da umarni guda kan kwaso jama'a lokaci ɗaya, kamar yadda aka gani a Disambar 2020, sa'ad da gwamnati ta ce a haɗa kowane layin waya da NIN.

Inda gwanintar take shi ne ranar da abu ya lalace. Wuta ta ɗauke, ko kwamfuta ta mutu tana riƙe da rajistar wani. A tsari mai kyau, duk manhajar da ta ɗauki aiki takan sa masa alamar “ina kai”, don kada wata ta ɗauka su yi shi sau biyu, kuma alamar tana da wa'adi. Idan wa'adin ya cika ba a ji ɗuriyarta ba, aikin ya koma layi. To nan ma da tarko: wa'adi gajere yakan sa a ƙwace aiki daga hannun wadda ba ta mutu ba, jinkiri kawai ta yi, dogo kuma ya bar rajistar mutum a rataye. Haka sake gwaji. Akan ƙara tazara bayan kowane yunƙuri, minti ɗaya, biyu, huɗu, don kada a yi wa rumbun da ke farfaɗowa rubdugu. Sannan dole a gina aikin yadda ko an maimaita shi sau uku, lamba ɗaya zai haifar.

Cewa wannan tacewa ta gano maimaita rajista tana da amfani, Hukumar Zaɓe ta INEC ta nuna. A Oktobar 2022, shugabanta na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sanar cewa cikin sabbin rajistar masu zaɓe kusan miliyan 12.3, an soke fiye da miliyan 2.7 bayan an bi ta kansu da tsarin tantance yatsa da fuska mai suna ABIS, galibi saboda rajista fiye da sau ɗaya.

Sai dai akwai aikin da ko sau nawa aka maimaita ba zai wuce ba. Zanen yatsan manomi ko mai wanki yakan goge, na tsoho yakan dusashe, lalle mai kauri yakan rikita na'ura. Wani lokaci kuma manhaja ta ga kamanni tsakanin mutum biyu ta kasa yanke hukunci. Irin waɗannan akan jefa su wani layi na gefe, su jira ɗan Adam ya duba. A ganina, wannan layi na gefe ya fi kowanne cancantar a sa masa ido, domin talakawa da tsofaffi ne suka fi faɗawa cikinsa, kuma ƙara kwamfuta ba ya rage shi. Sai an ɗauki ma'aikata. Kowace manhajar layi tana iya faɗin ayyuka nawa ke jira da kwanakin da mafi daɗewa ya yi. Hukumomin da ke riƙe da bayanan jama'a su riƙa wallafa waɗannan alƙaluma biyu duk wata, jiha-jiha, su kuma aika wa mai rajista saƙon tes da ke faɗa masa matakin da takardarsa ta tsaya.