Shawara ta salula: yaya muryar naƙasassun Kurni za ta kai Yamai?

Kurni ƙaramar hukuma ce ta karkara a cikin gundumar Kance, wadda babban garinta shi ne Matamaye, a kudancin jihar Damagaram, ba nisa da iyakar Najeriya. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa da wake, ƙauyuka kusa da juna, jama'a a cike. Kamar kowane yanki na ƙasar nan, a cikin mutanenta akwai makafi da guragu da kurame, akwai kuma waɗanda kuturta ta ci wa yatsu. Amosanin ido ya daɗe yana makantar da mutane a wannan shiyya. Shan-inna ta bar guragu da yawa kafin rigakafi ya ci ƙarfinta, sanƙarau kuwa, wanda yakan bar yaro kurma, ya sake ɓulla a jihar a ƙarshen shekara ta 2022.

Dokokin da suka shafi waɗannan bayin Allah a Yamai ake rubuta su, tafiyar da ta wuce kilomita 800. Yanzu da salula ta shiga ƙauye, kuma waɗansu gwamnatocin duniya suka ɗauki al'adar neman shawarar jama'a ta intanet kafin su tsayar da doka, ya kamata mahukunta da masu karatu su dubi abin da wannan hanya za ta iya yi wa mutumin Kurni.

Abin da doka ta tanada

Ba a rasa dokoki ba. A ran 2 ga watan Maris na shekara ta 1993 aka fitar da doka mai lamba 93-012 domin kare naƙasassu, aka yi mata gyara a shekara ta 2010. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a ran 24 ga watan Yuni na 2008. A watan Maris na 2019 wakilan ƙasa suka je Janeba suka gabatar da rahoto gaban kwamitin da ke bin diddigin yarjejeniyar, sa'an nan a ran 10 ga watan Disamba na wannan shekara aka kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin harkokin al'umma. Ana kuma bikin ranarsu ta ƙasa kowace 31 ga watan Yuli.

Sashe na 4 na yarjejeniyar ya wajabta wa hukuma ta yi shawara da naƙasassu, ta hannun ƙungiyoyinsu, duk lokacin da za ta tsara doka ko shiri a kansu. Ƙungiyoyin suna nan, tarayyarsu ta ƙasa da ake kira FNPH tana ƙoƙari, ƙungiyar makafi ma tsohuwa ce. Sai dai manyan ofisoshinsu a birni suke, kuma wanda yake kusa da ofis shi ake ji.

Alamar haka tana cikin dokar kanta. An tanadi cewa duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki domin naƙasassu. Wannan tanadi ne mai kyau, ya kuma amfani waɗanda suka yi lakwal suka sami takardar shaida. Amma ma'aikata nawa ce a ƙasar Kurni take da mutum 20? Gurgun da ke can manomi ne ko mai ɗinki ko mai gyaran keke. Abin da ya dame shi keken da zai iya ratsa rairayi, da wurin da za a gyara masa shi in ya karye. Makauniya tana son a ɗaure bakin rijiya da siminti. Uban kurma yana son sanin inda zai kai ɗansa, tun da makarantar kurame mafi kusa a birnin Damagaram take. Waɗannan buƙatu ba su shiga doka sai in an tambayi masu su.

Ko yawansu ma ba a gama tantancewa ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami naƙasassu 715,497, wato kashi 4.2 cikin 100 na mutanen ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a rahotonta na 2011, ta ƙiyasta kashi 15 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata naƙasa. Tazarar ta yi yawa. Ɗaya daga cikin dalilai sananne ne ga duk wanda ya taɓa aikin ƙidaya: maigida ba ya cika faɗa wa baƙo cewa a ɗakin baya akwai yarinya mai taɓin hankali.

Darasi daga Ingila

Tambaya ta intanet tana da sauri, tana da arha, ba ta kuma bukatar kuɗin mota. A farkon shekara ta 2021 gwamnatin Ingila ta baza tambayoyi ta wannan hanya, dubban mutane suka amsa, a watan Yuli ta fitar da tsarinta na ƙasa kan naƙasassu. Sai naƙasassu huɗu suka kai ƙara. Suka ce yawancin tambayoyin zaɓi ne tsakanin amsoshin da aka riga aka rubuta, wurin faɗin ra'ayi ɗan kaɗan ne, kuma ba a nuna musu abin da ake shirin yi ba balle su ce ya yi ko bai yi ba. A watan Janairu na 2022 babbar kotu ta ba su gaskiya. A watan Yuli na 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa tambayoyin tattara bayani ne kawai, ba su kai matsayin shawara a idon doka ba. Gwamnati ta ci shari'a, amma da hujjar da ta nuna cewa ba shawara aka yi ba tun farko.

In haka ta faru a ƙasar da kusan kowa ya iya karatu kuma lantarki yana kowane gida, sai a yi tunanin Kurni. Bisa ƙididdigar shekara ta 2022, masu amfani da intanet a Nijar ba su kai rubu'in jama'a ba, kuma galibinsu mutanen birni ne. A ƙauye salular gida a aljihun maigida take kwana. Caji a kasuwa ake biyansa, kuɗin shiga intanet ma sai an saya. Naƙasasshe shi ne na ƙarshe da waya take isowa hannunsa, in mace ce kuwa abin ya fi tsanani. Makaho ba ya ganin rubutu, na'urar da ke karanta masa shi da murya ta fi ƙwarewa da Faransanci da Ingilishi. Kurma ba ya jin saƙon murya, maganar hannun da yake yi da mutanen gidansu kuma ba ita ce ta makaranta ba. Wanda ba shi da yatsu ba ya latsa ƙananan haruffa. In aka aika tambaya da Faransanci aka ce kowa ya cika, amsa za ta zo, amma daga ɗalibai da ma'aikatan Yamai da Maradi, a rubuta rahoto a ce naƙasassun ƙasa sun yi magana.

Duk da haka hanyar tana buɗuwa. An kafa hukumar ANSI a 2017 domin yaɗa fasahar sadarwa, a 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin kai intanet ƙauyuka. Asusun UNICEF yana da tsarin U-Report, wanda ya fara a Yuganda a 2011, inda matasa suke amsa tambaya ta gajeren saƙo kyauta. Abin da ya fi duka, mutanen karkara sun riga sun koya wa kansu aika murya ta WhatsApp. Tsohuwar da ba ta san bihim ba tana gaisawa da ɗanta da ke cin-rani a Kano ko Agadas, ba wanda ya buɗe mata aji.

Tsohuwar dabara

Ƙasar nan ta taɓa yin irin wannan aiki tun kafin a san salula. A shekara ta 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mai kula da kulob, sau da yawa malamin makaranta, yakan tara mutane da dare su saurari shiri da harshensu, su tattauna, ya ɗauki maganarsu a rakoda ya aika Yamai, bayan kwanaki su ji muryarsu ta fito a akwati. A cikin shekarun 1960 ɗin nan kuma ƙasar Matamaye tana cikin wuraren farko da aka gwada aikin wayar da kan manoma, inda ƙauye yake zaɓen wakilinsa da kansa. Dattawan yankin sun san wannan. Salula ɗaya a yau tana yin aikin rakoda da gidan waya gaba ɗaya.

Wajen tara mutane ma ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Tun zamanin da garuruwan Hausa suna da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, masu sanin mutanensu gida-gida. Ana iya bi ta hannunsu, amma da lura, domin taron da sarki yake zaune ba kowa ke buɗe baki ba. Mata su yi nasu zama dabam, da mace mai riƙe waya. Kurame a ɗauke su a hoto mai motsi, da wani nasu da zai fassara. Wanda ba ya iya fita a bi shi gida.

A nan ne aikin waɗanda suka ci jarrabawar yaƙi da jahilci yake. Su suka iya rubuta Hausa, su kuma jama'a ta sani. Su za su karanta wa taro abin da hukuma take shirin yi, da Hausa, kafin a tsayar da shi. Su za su rubuta wanda ya yi magana, namiji ne ko mace, daga wane ƙauye, wace irin naƙasa, don a gane wanda ba a ji ba tukuna. Amana ce mai nauyi: abin da mutum ya faɗa za a aika, ko da ya soki mai riƙe wayar, kuma wanda ya nemi a sakaya sunansa a sakaya. Kada kuma a haɗa zaman shawara da rabon taimako. Ranar da aka raba shinkafa, kowa godiya zai yi.

Ba duk magana ce sai ta je Yamai ba. Gangaren ƙofar aji da na likita, da bakin rijiya, da rumfa a kasuwa, duk ana iya yanke su a Kurni ko Matamaye, cikin tsarin raya ƙaramar hukuma. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, saboda haka ƙofar da talaka ya saba bugawa, ta kansilan ƙauyensu, ta rufe a lokacin, nauyin sauraro ya koma kan kantoma da ma'aikatan jin daɗin jama'a na gunduma.

Abin da ya riƙe kulob-kulob na rediyo shi ne mutum yakan ji amsa. Shawarar salula ma haka take bukata. In an tattara muryoyi da rani, kafin shuka a komo da saƙo ta wayar nan da ta gidan rediyon yanki, a ce ga abin da mutanen Kurni suka nema, ga wanda aka karɓa da ranar da za a fara, ga wanda aka ƙi da dalilin ƙinsa, ga kuma ofishin da mai ƙorafi zai nufa.