Uwargida, Kin Lura da Hayaƙin Motar Gidanku?

Yau hirarmu a kan mota ce. Na san wata za ta ce, ni da ko zaure ba na leƙawa sai da dalili, ina ruwana da injin mota? To ai direba gabansa yake kallo, salansa kuwa a baya take. Ke da kike tsakar gida lokacin da maigida yake ɗumama mota da safe, ke ce kike ganin abin da ke fita ta bayan. Ga kuma mata da yawa a Kakuri da Makera da Barnawa da suka kwashi adashi ko gado suka sayi mota suka ba direba yana kawo balas. In injin ya buga, dukiyarki ce ta tafi.

Farin hayaƙi iri biyu ne. Na farko ba hayaƙi ba ne ma, tururi ne. Duk lokacin da fetur ya ƙone yana fitar da laima, ita kuwa takan kwana a cikin salansa. Da safiyar hunturu, watan Disamba ko Janairu, sai ki ga fari-fari siriri yana fita, har da 'yan ɗigon ruwa, kamar yadda numfashinki yake yi in ana sanyi. Bayan 'yan mintoci injin ya yi ɗumi, sai ya ɓace. Wannan ba komai, kada a kai kuɗi gareji a kansa.

Na biyun shi ne abin tsoro. Yana da kauri kamar tururin tukunyar tuwo, ba ya ɗaukewa ko rana ta take, wani lokaci da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Ma'anarsa ruwan da ke sanyaya injin ya sami hanya ya shiga ɗakin da fetur yake ƙonewa. Tsakanin gangar jikin injin da murfinsa na sama akwai wani faifai da aka shimfiɗa, makanikai suna ce masa tof gaskit. Ki ɗauke shi kamar ƙyallen da kike naɗewa tsakanin tukunya da madambaci don kada tururi ya tsere. Shi ke raba wuta da ruwa da baƙin mai, kowa a hanyarsa. In ya ƙone, sai su cakuɗe.

Me ke ƙona shi? Yawanci zafi ne. Lagireto yana yoyo, ko fanka ta tsaya, ko tiyo ya fashe, mota kuma ta shiga cunkoson gadar kogin Kaduna ko hanyar Sabon Tasha da tsakar rana a watan Afrilu. Allurar zafi ta haura, direba ya ce bari dai in ƙarasa. Wannan “bari in ƙarasa” ita ce ke cinye jari, domin murfin injin na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, har ya tsage.

Ba sai kin fita ba za ki gane. Ki tambayi maigida, ko ki aiki yaro ya tambayi direba: sau nawa ake ƙara ruwa a sati? In kullum ana ƙarawa amma ba a ganin jiƙa a ƙasa inda motar ta kwana, to injin ne ke shanye shi. A zaro sandar auna baƙin mai a kawo miki ki gani. In man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, kuma kada a sake tayar da motar, a ja ta zuwa gareji. Wata alamar ita ce injin ya riƙa kakkarwa da safe, ko a ga kumfa na tasowa a bakin lagireto. Sai dai a kiyaye, ba a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Ruwan yana feshowa ne, ƙunarsa ta fi ta ruwan wanka nesa ba kusa ba.

A duba launin da kyau kafin a yanke hukunci. Mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. In motar mai shan gas ce, farin hayaƙi mai yaji a ido yakan nuna nozul ne ba ya fesa man daidai. Kowanne da maganinsa.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne a wannan yanki namu. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, garin bai rasa masu sanin injin ba. Makaniken kirki zai fara auna injin da na'ura, ya ciro fulogai ya duba, domin wanda ruwa ke wankewa yakan fito tas. Sannan ya sauke murfin, a gwada ko ya lanƙwashe, in ya lanƙwashe a kai a goge shi ya daidaita, a sa sabon gaskit mai kyau, a ɗaure kusoshi bi da bi da awonsu, a juye baƙin mai da matatarsa. A ganina, wanda ya canja gaskit bai nemo abin da ya jawo zafin ba, rabin aiki ya yi, wata biyu a dawo masa. Masu fasa ɗanyen ƙwai a lagireto don toshe yoyo kuwa, hanyoyin ruwan suke daɗa toshewa.

Saura abu biyu da suke hannunki kai tsaye. Ruwan sanyaya injin na kanti, koren nan ko ja, ya fi ruwan rijiya domin ba ya barin tsatsa, amma guba ne, ga shi da zaƙi, ga kala kamar lemo. Kada a juye shi a gorar lemo, kada a ajiye shi inda yara ko kaji za su kai. Na biyu, kada ki yarda a bar mota tana aiki a rufaffen gareji ko kusa da tagar ɗakin kwana. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai kisa wadda ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda janareta ke fitarwa. In za a ɗumama mota, a fara buɗe ƙofar gida, salansa ta kalli waje, a ɗauke jinjiri daga wurin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gaida yara.