Mai Taki: Daga Turken Kwarbai Zuwa Kunyar Masara

Da wuya ka shiga gida a Kwarbai, cikin birnin Zariya, ka tarar babu turke. Wani gidan awaki biyu ne na uwargida, wani rago ake kiwatawa don Babbar Sallah, wani kuma akurkin kaji ne a bayan madafa. Gidajen sarauta da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau kuwa akwai barga, domin dokin da za a yi wa ado ranar Hawan Sallah sai an ciyar da shi shekara cur. Kowace safiya ana share kashin dabbobin nan, a haɗa da ragowar harawa da tokar murhu da ɓawon albasa da sharar tsakar gida, a tara a kusurwa. A wurin mai gida, tsibin nan wuri kawai ya tare. A wurin mai taki, shi ne jari.

Sana'ar ba yau ta fara ba. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1962, ya yi rubutu a kan ƙauyukan da ke kewaye da Kano, inda jakuna ke shiga birni da itace su fito da taki, har gonakin wurin suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Zariya ma da irin wannan ma'amala ta rayu. Birni ya ci abin da gona ta bayar, sannan ya mayar mata da abin da ya rage, ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona ko Ƙofar Kuyambana.

Aikin yana kankama bayan kaka, idan hunturu ya busar da komai. Mai taki zai tsaya a zaure ya yi sallama: "A gaya wa masu gida mai taki ne." Sai yaro ya shiga ya faɗa, mata su kimtsa, sannan a ce ya shigo. Sau da yawa da uwargida ake ciniki, domin awakin nata ne. "Hajiya, nawa za a bar mini?" Ita kuma ta ce, "Malam, fara dubawa tukuna, wannan zalla ne, babu ƙasa a ciki." A da, kwashewar ma alfarma ce, har a yi wa mutum godiya, ko kuwa a yi musaya, manomi ya kwashi taki da rani ya aiko da harawa ko damin dawa da kaka. Yanzu kowa ya san darajarsa. Gidan da ke da gona ba ya sayarwa, wanda ba shi da ita kuwa sai an taya.

Ba duk taki ne ɗaya ba, kuma a nan ake gane gwani. Na awaki da tumaki busasshe ne, ba nauyi, ga auki, shi ya sa ya fi farin jini a cikin gari. Na doki yana saurin ɗaukar zafi, amma yana zuwa da irin ciyawa, domin cikin doki ba ya narkar da ƙwayar ciyawa duka. Wanda ya zuba shi ɗanye zai sha noma. Na shanu sanyi gare shi, a hankali yake aiki. Na kaji ya fi kowanne ƙarfi, idan aka zuba shi a gindin shuka bai ruɓe ba sai ya ƙone ta. Na ƙarshe shi ne takin juji, wato na bola, wanda ya fi arha kuma ya fi wahala.

Wahalarsa leda ce. Jujin da kakanninmu suka sani toka ne da kara da ganye da tsumma, abin da duk ƙasa za ta cinye. Na yau kuwa, duk shebur ɗaya sai ka ga ledar ruwa, baƙar ledar cefane, murfin roba, fasasshiyar kwalba, ƙunzugun yara na zamani, wani lokaci har da allurar da aka yar. Sai mutum ya tona da diga, ya baje da manjagara, ya tsince da hannu, sannan ya tankaɗe a babbar rariyar waya da ake jinginawa a kan itace biyu. Ƙarfe da gwangwani ana ware wa 'yan gwangwan, su ma su ba da ɗan abin da ya samu. Waɗansu don neman sauƙi sai su banka wa jujin wuta. Ban ga hikima a cikin wannan ba: hayaƙin leda guba ne ga unguwa, kuma wutar tana tafiya da sinadarin naitirojin, wanda shi ne abin da masara ta fi nema. Abin da ya fi tsoratar da ni shi ne mataccen batir. Yana fashewa a cikin juji ya saki ƙarafa masu guba, ƙasa ta riƙe su shekaru, alayyafo da latas su zuƙa, mu kuma mu saya a kasuwa. Mai taki na ƙwarai ba ya barin ko ɗaya ya wuce rariyarsa, kuma da masu gida za su riƙa ware leda da batir tun daga tsakar gida, da rabin wahalarsa ta kau.

Bayan tsinta sai haɗi. A wani fili, galibi a gefen gari ko a bakin gona, ake shimfiɗa busasshen kara ko ƙaiƙayi, a ɗora kashin dabba, a yayyafa ruwa, a sake ɗora wani, har tsibin ya kai ƙirjin mutum. Ruwan ma da ƙa'ida. Mai taki zai damƙi taki a hannu ya matse: idan ruwa ya tsiyayo ya yi yawa, idan ya buɗe hannu ya wargaje ya yi kaɗan, idan ya dunƙule ya tsaya to daidai ke nan. Sai ya soka doguwar sanda har tsakiya ya tafi. Bayan 'yan kwanaki idan ya zaro ta zai ji ta da zafi, da sanyin asuba ma har tururi ake gani yana tashi daga kan tsibin.

Wannan zafi ba rana ce ta kawo shi ba. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya da dangin funfuna, suke cin shara suna numfashi, kamar yadda 'yan uwansu ke aiki a cikin kalwar da aka rufe ta kwana ta zama daddawa. A tsakiyar tsibin da ya haɗu da kyau zafi yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kuma a nan ne irin ciyawa da ƙwan tsutsar ciki da yawancin ƙwayoyin cuta suke mutuwa. Halittun nan suna son iska, shi ya sa ake juya tsibin bayan makonni biyu ko uku, na waje ya koma ciki. Idan ya yi ɗoyi, ruwa ya toshe iska. Idan yana zarni, naitirojin ne ke gudu, ko dai kashin kaji ya yi yawa ko an cika toka, sai a ƙara kara. Wani Bature, Albert Howard, ya tsara irin wannan haɗi a Indore ta ƙasar Indiya ya buga shi a 1931, kuma shi kansa daga manoman ƙasar ya koyi da yawa. Masu binciken ƙasa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ke komawa 1922, suna auna waɗannan abubuwa da na'ura. Mai takin birni yana auna su da hanci da tafin hannu, kuma sau da yawa amsarsu takan zo ɗaya.

Akwai abin da ke yi masa taurin kai, wato buntun shinkafa da masu gidan kaji ke shimfiɗa wa kaji. Ba ya ruɓewa da wuri saboda sinadarin silika da ke cikinsa.  Shi dai mai taki haƙuri yake ƙarawa.

Idan ana juyawa, cikin wata biyu zuwa uku taki ya nuna. Idan an bar shi haka nan, sai ya haura wata shida. Nunanne baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ƙanshinsa irin na ƙasa bayan ruwan farko, kuma za ka tarar da gwazarma a ƙasansa. Amma tsibin ya zabge, kusan rabi ya tafi. Wanda ya sayi amalanke goma zai sayar da biyar ko shida, don haka dole farashi ya ɗauki wannan.

Sai dako, inda riba ke zurarewa. Lungunan Kwarbai ba sa ɗaukar mota, saboda haka da baro ko amalanke ake fito da kaya bakin titi, a biya yara. Daga nan a biya masu loda, a biya tifa ko keken ɗaukar kaya. Jaki da mangala sun yi ƙaranci, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, har a kan gona mai nisa dakon yakan kusa kamo kuɗin takin. Dalili kuwa nauyi ne. Buhun takin zamani mai lamba 15-15-15, mai kilo 50, yana ɗauke da kilo bakwai da rabi na naitirojin. Kilo 50 na busasshen takin dabba da kyar yake ba da kilo ɗaya. Manomin da zai ƙosar da hekta guda da takin gargajiya kaɗai tan-tan yake buƙata.

To me ya sa ake rububinsa? Na farko tsada. A 2017, ƙarƙashin shirin takin gwamnatin tarayya, buhu naira 5,500 ne. Zuwa 2024 ya haura naira 30,000. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci a ganina, ƙasar Zazzau ta gaji. Ruɓaɓɓen abin da ke riƙe mata ruwa da abinci kaɗan ne, rana da gara suna cinye shi da sauri. Takin zamani shuka yake ciyarwa a damina ɗaya. Na gargajiya ƙasar yake gyarawa, ta yi laushi, ta riƙe danshi idan ruwa ya ɗauke kwana goma, wuta-wuta ta ragu a gonar dawa, amfaninsa kuma ya kai shekara biyu ko uku. Manomin da ya san ta kan gona haɗa su yake yi, kuma buhu ɗaya na zamani ya fi aiki a gonar da ta sha takin gida.

Kasuwa biyu ce. Da rani masu lambu na bakin Kubanni da Galma suna neman nunanne lukui don tumatir da albasa da kabeji, a buhu suke saya. Babbar kasuwa kuwa da bazara take ci, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da za ka ga tsibi-tsibi a jere cikin gonaki suna jiran a watsa kafin huɗa. Wanda ya tara kaya tun hunturu ya jira wannan lokaci shi ke samun na kansa. Wanda bukata ta sa ya sayar da ɗanye, ladan dako kawai ya ci.

Jiki kuwa yana biya. Ƙura tana sauka a ƙirji, baya yana sagewa, kunama tana kwana a ƙarƙashin tsibi. Kwalba ko ƙusa idan ta yanki mutum a cikin kashin doki, akwai haɗarin cutar sarƙe-haƙora, domin ƙwayarta a nan take zama. Allurar rigakafi da takalmin roba da safar hannu ba ƙawa ba ne a wannan aiki. Sannan ga raini. Akwai masu toshe hanci su ratse idan sun hango shi, alhali tumatirin miyarsu da takinsa ya girma.

Ba kullum ake biya hannu da hannu ba. Manomi da bazara aljihunsa a bushe yake, ga iri ga kuɗin huɗa, sai ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa kaka." Mai taki ya yarda, domin ya san gonar kuma ya san mahaifin mai gonar. Da damina, tsibi ya jiƙe kuma hanya ta lalace, shi ma yakan koma tasa 'yar gonar ko ya kama ƙwadago. Idan masara ta yi daraja a biya shi da kuɗi ko da tiya. Idan farashinta ya faɗi, kamar yadda ya faru a 2025, bashin yakan tsallaka wata shekara, kuma manomin da ya sayi tifa biyu bara sai ya ce bana a kawo masa ɗaya.